Icce mai suturta gida

A ƙauyukan Birnin Konni, da Malbaza, da Illela, gidaje da yawa darnin kara ne suturarsu. Darni ba ya daɗewa. Gara tana cin sa, iska tana kayar da shi. In ya faɗi, mai wucewa yana hangen tsakar gida har makewayi. Mata ba su sakewa. Wani lokaci daga nan rigima da maƙwabci take tashi.

Icce ya fi kara daɗewa. Amma ba kowane icce ke suturta gida ba.

Da rani ake zaɓen icce. Da damana kowa kore ne. A duba shi a watan Afrilu. In yana da ganye a lokacin, ya isa sutura. Aguwa tana kamawa da sauri, amma ganyenta yana zuba da rani. Ruwanta kuma yana cutar da idon yara. Ta fi dacewa da shingen garka.

Dogon yaro ba ya rabuwa da ganye. Asalinsa daga ƙasar Indiya ne. Shi aka shuka jeri-jeri a kwarin Majiya, wajen Buza, tun shekarar 1975, don tare iska. Amma gona daban, gida daban. Dogon yaro yana faɗi, saiwarsa tana tsaga katanga. In ya girma, ganye yana can sama, ƙasa a buɗe. A ba shi tazarar metir 5 daga gini, a sha inuwarsa.

Turare siriri ne, yana miƙewa sama. Sai dai yana shan ruwa ƙwarai. Kada a sa shi kusa da rijiya.

Ga ƙaramin gida, lalle ya fi. Ba ya cin fili. Rassansa suna fitowa tun daga ƙasa, suna cushewa. Nan ne idon mai wucewa yake. Mata kuma sun samu ganyen ƙunshi ba da kuɗi ba. Lalle yana son ɗan ruwa da rani. Ruwan wanke-wanke marar sabulu da yawa ya ishe shi.

Ana shuka shi a watan Yuli, in ruwa ya zauna. A yanki reshe mai tsawon kamu biyu. A kafa shi a jeri daga cikin darni, rabin metir tsakanin wannan da wannan. A zuba ruɓaɓɓen taki a ramin. A kewaye da ƙaya saboda awaki. In ya wuce tsawon mutum, a sare kansa don ya yi kauri.

Kada a cire darni tukuna. Shi zai tsare gida har lalle ya rufe.

Kafin a gina rami, mai gida ya kira maƙwabcinsa su duba iyaka tare. Mai neman dashe ya tambayi ma'aikacin gandun daji na yankinsa.