Tsohuwar Kujerar Jariri Ta Mota: A Yi Amfani Da Ita Ko A Bari?

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi kujerar da ake ɗaura wa jariri a cikin mota. Sabuwa tana da tsada, don haka iyalai da yawa kan karɓi ta 'yan'uwa, ko su sayi ta gwanjo a kasuwa. To, shin tsohuwar kujera za ta kare jaririnki? Wata za ta kare shi, wata kuwa ba za ta yi ba. Ga yadda za ki gane. Yana da kyau ki karanta tare da maigida.

Me ya sa rungumar uwa ba ta isa ba?

Idan mota tana gudun kilomita 50 a awa ta yi karo, ƙarfin bugun daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10. A wannan lokaci jariri yakan fizge daga hannu da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau da yawa, kuma babu uwar da za ta iya riƙe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce amfani da kujerar yara yana rage mutuwar jarirai a haɗarin mota da kashi 71 cikin 100. Sai dai wannan amfani yana samuwa ne idan kujerar lafiyayya ce kuma an ɗaura ta daidai.

Kujera ma tana tsufa

Jikin kujerar roba ne, cikinta kuma akwai wani soso mai tauri wanda ke shanye ƙarfin bugu. Ki tuna bokitin roba da aka bari a rana shekara da shekaru: yakan koɗe, ya yi gautsi, ya fashe da ɗan bugu kaɗan. Zafin cikin motar da aka rufe a rana yakan wuce digiri 60, kuma irin wannan zafi yana cin roba da zaren maɗauri a hankali. Saboda haka ne kamfanoni ke sa wa kujera wa'adi, yawanci shekara 6 zuwa 10 daga ranar da aka ƙera ta. A lura, daga ranar ƙira ake ƙidaya, ba daga ranar saye ba.

Abubuwa shida da za ki duba

1. Tarihinta. Ki tambayi mai ita ko ta taɓa kasancewa cikin motar da ta yi haɗari. Kujerar da ta sha bugu tana iya tsagewa daga ciki, ido bai gani ba. Irin wannan ta gama aikinta.

2. Kwanan wata. Ki kife kujerar ki duba ƙasanta da bayanta. Ana liƙa takarda ko a buga ranar ƙira a jikin robar, wasu har da ranar ƙarewar wa'adi. Idan an kankare ko babu, kada ki karɓa.

3. Shaidar inganci. Kujerun Turai suna da takarda mai launin lemo, da harafin E a cikin da'ira. Ki nemi lambar R129, wadda aka fara aiki da ita a 2013, ko R44/04. Tun Satumban 2024 aka daina sayar da sababbi masu lambar R44 a Tarayyar Turai, masu R44/01 da R44/02 kuwa an hana amfani da su tun 2008. Kujerun Amurka suna bin ƙa'idar FMVSS 213.

4. Jikinta. Ki cire rigar kujerar ki duba a cikin haske. Ki nemi tsagewa, farin tabo a inda roba ta lanƙwashe, ko karyayyen soso.

5. Maɗauri da makulli. Kada maɗauri ya zama ya zare, ya yanke, ko an yi masa ɗinkin tela. Makulli ya ba da ƙara idan an rufe, kuma kada ya buɗe sai an danna.

6. Cikar kaya. Duk sassanta su cika, tare da littafin bayani. Kada a musanya maɗauri da igiya ko da na wata kujera.

Idan ko ɗaya daga cikin shida ɗin nan ya gaza, a bar kujerar. A yanke maɗauranta kafin a yar, don kada wani ya tsinta ya sayar.

Ta 'yar'uwa da ta kasuwa

Kujerar yayarki ko ƙawarki, wadda kika san ranar da aka saye ta kuma kika san ba ta yi haɗari ba, za ki iya amfani da ita idan ta cika sharuɗɗan nan. Ta gwanjo daban ce. Mai sayarwa da kansa bai san hannu nawa ta bi ba kafin ta zo gare shi, don haka ba mai iya amsa tambayar farko. Araha ba ta ado. Sabuwa mai sauƙin kuɗi da ke da shaidar inganci ta fi tsohuwa mai kyan gani da ba a san asalinta ba. Dangi masu niyyar kawo kayan barka za su iya haɗa kuɗi su saya.

Yadda za a ɗaura

A sa kujerar a kujerar baya ta mota, jariri yana fuskantar baya. Kansa yana da nauyi, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba. Idan yana fuskantar baya, jikin kujerar ne zai tallafe kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya. Ƙa'idar R129 ta ce a ci gaba da haka har aƙalla wata 15. Kada a taɓa sa ta a gaba inda akwai jakar iska, domin fashewarta tana iya kashe jariri.

A ja bel ɗin mota sosai har kujerar ta daina rawa. A kishingiɗar da ita kamar yadda littafin ya nuna, don kada kan jariri ya rinjayo gaba ya toshe masa numfashi. Maɗauri ya fito daidai kafaɗa ko ƙasa da ita kaɗan, ya kama jiki yadda ba za ki iya tsunkule shi da yatsu ba. Lokacin sanyi, a ɗaure jariri tukuna sannan a rufa masa bargo a sama.

Abin lura

Idan jaririnki bakwaini ne ko bai cika nauyi ba, ki nemi shawarar likitan yara kafin a sallame ku. Kujerar mota ba gado ba ce: da kun isa gida ki fitar da shi. Kada a bar jariri shi kaɗai a mota ko da na minti ɗaya.

Ki shirya kujerar tun cikin yana wata takwas, a gwada ɗaura ta a mota, domin tafiyar farko ita ce daga asibiti zuwa gida. Allah Ya sauke ki lafiya, Ya raya abin da za a samu.