Kariya: Furen da Yawan Ban Ruwa Ke Kashewa

Mutum zai sayi kariya mai jan fure wurin masu sayar da furanni na bakin titi, ya kai ta gida, ya ɗora wa yaro aikin ba ta ruwa safe da yamma. Kafin wata biyu ganye ya yi rawaya, gindin da ke da tauri ya yi laushi, in an danna sai yatsa ya nutse. Sai a ce rana ce ta ƙone ta, a ƙara ruwa. A nan ake ƙarasa ta.

Kariya, wadda masana tsirrai ke kira Adenium obesum, 'yar gida ce. Tana fitowa da kanta a dajin Sahel tun daga Senegal har Sudan, da gabashin Afirka da kudancin ƙasar Larabawa, galibi a kan duwatsu da ƙasa mai tsakuwa inda ruwa ba ya kwanciya. Kumburarren gindin nan nata rumbu ne na ruwa. Da shi take ƙetare rani, ta zubar da ganye a lokacin hunturu, sannan ta yi fure a kan rassan da ba ganye ko ɗaya. Wanda bai san halinta ba zai ɗauka mutuwa take yi, alhali hutu take. Irin masu fure ninki-ninki da launuka iri-iri da ake gani a kasuwa kuwa, yawancinsu aikin manoman furanni ne na ƙasashe irin su Tailan da Taiwan, waɗanda ke yi musu aure a kan gindin kariya ta asali.

Maganin matsalar daga ƙasa yake farawa. Laka da baƙar ƙasar fadama ba su dace da ita ba. A haɗa yashi mai kauri da ƙananan tsakuwa da ɗan gawayi da aka farfasa, a zuba ruɓaɓɓen takin awaki kaɗan. Tukunyar ƙasa ta fi bokitin roba domin tana shan damshi, amma dole a huda ƙasanta. In a tsakar gida za a dasa, a yi mata tudu, a bar saman gindin a waje. Watan Agusta ne ya fi hatsari, lokacin da ake kwana ana ruwa. Tukunyar da ke ƙarƙashin indararo sai a janye ta tun kafin damina ta kankama.

Ba a ba ta ruwa da kalanda. A tura yatsa cikin ƙasar, in da sauran sanyi a ƙyale ta. A zafin Maris da Afrilu sau ɗaya ko biyu a mako ya wadatar a tukunya, a hunturu kuma ana iya yin makonni biyu ko uku ba a ba ta ba. Rana kuwa tana son aƙalla awa shida a yini. Kariyar da aka ajiye a falo don ado za ta yi dogayen rassa sirara, ba fure. Mutanen Jos su lura, sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10 yana cutar da ita, musamman in ƙasar a jiƙe take.

Idan ruɓa ta riga ta kama, a tumɓuke ta, a yanke duk inda ya yi baƙi ko laushi da wuƙa mai tsabta har a kai ga farin nama. A barbaɗa toka, a ajiye ta a inuwa kamar mako guda miki ya bushe, sannan a dasa a sabuwar ƙasa, a jira wasu kwanaki kafin a ba ta ruwa.

Ana samun ta daga reshe, ana samu daga iri. Reshe ya fi saurin fure, amma mai son ƙaton gindin da ke ba ta kwarjini ya shuka iri. Kwanson nata biyu yake fitowa kamar ƙaho, kuma in ya fashe iska ce ke kwashe 'ya'yan, don haka a ɗaure shi da zare tun yana ɗanye. Sabon iri kan tsiro cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Sai abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba: ruwan jikinta dafi ne mai taɓa zuciya, har maharba a sassan Afirka sun daɗe suna shafa shi a kibiya. Mai yankan reshe ya sa safar hannu, ya kiyayi idonsa, ya wanke wuƙar bayan ya gama. Gidan da ke da yara masu rarrafe ko awaki a sake, a ɗora tukunyar inda ba za su kai ba, kuma kada a jefa rassan da aka yanke inda dabbobi ke kiwo.