Yadda ake haɗa na'urar ɗaga wuta don lasifika mai leda

Lasifikar da muka saba da ita tana da maganaɗisu da naɗin waya a bayanta. Akwai kuma wata iri da ba ta da ko ɗaya: leda ce siririya, wadda kaurinta bai kai na gashin kai ba, a ɗame tsakanin faranti biyu na ƙarfe masu huji-huji. Ana shafa wa ledar wani abu mai ɗan ɗaukar wuta, kamar garin bakin fensir, a cika ta da caji, sai farantan su riƙa janta suna tura ta daidai da kiɗan. Peter Walker na kamfanin Quad a Ingila ya fitar da irinta kasuwa a 1957, kuma har gobe masu kunnen sauti suna nemanta saboda tsabtar muryarta.

Ledar ba za ta motsa yadda ya kamata ba sai an ɗora mata wajen bolt dubu biyu zuwa biyar. Adadin yana da ban tsoro, amma lasifikar ba cin wutar take yi ba, riƙe cajin kawai take yi. Saboda haka abin da za a gina ƙarami ne, mai ɗaga wuta sama sosai amma yana sakin ɗan kaɗan. Duk wanda ya taɓa jin ƙarar raket ɗin kashe sauro ya san irin wannan dabara.

Da farko a auna tazarar da ke tsakanin ledar da kowane faranti. Busasshiyar iska tana fashewa da tartsatsi a wajen bolt 3,000 a kowace milimita, don haka masu wannan sana'a sukan tsaya kusa da 2,000. Idan tazarar milimita ɗaya da rabi ce, bolt 3,000 ake nema. A kan wannan za mu yi lissafi.

Sai raba aikin da wutar gida. Na ga zane-zane da ke ɗauko wuta kai tsaye daga soket, kuma ban yarda da su ba ko kaɗan, domin ranar da wani abu ya ƙone, layin wutar gida ne zai isa jikin lasifikar. A nemi ƙananan taransifoma biyu masu sauke 230 zuwa 12, irin na tsofaffin rediyo. A haɗa ɓangaren 12 na wannan da ɓangaren 12 na wancan. Na farko ya sauke, na biyu ya mayar da ita wajen 230, amma yanzu babu wayar da ta haɗa ta da soket. A sa ƙaramin fis a mashigar na farko.

Yanzu sai tsanin da zai riƙa ninka wutar mataki-mataki. Heinrich Greinacher ɗan ƙasar Siwizalan ne ya fara tsara shi, amma sunan John Cockcroft da Ernest Walton ya bi shi, saboda da shi suka fasa ƙwayar zarra ta litiyom a Kembirij a 1932. Kayansa dayod ne da kafasita kawai. Wutar 230 da mita ke nunawa ƙololuwarta tana kaiwa 325, kuma kowane mataki na tsanin yana ƙara ninki biyu na wannan, wato 650. Matakai biyar za su ba da 3,250. Ana bukatar dayod goma ƙirar 1N4007, wanda ke jure bolt 1,000, da kafasita goma na leda masu nanofarad 47, su ma masu jure 1,000. Kada a karɓi masu 630 ko da mai shago ya rantse, domin ban da na farko, duk 650 za su ɗauka kullum, kuma a wurarenmu wuta takan hau ba sallama.

Ga yadda ake jera su. Wayoyi biyu ne ke fitowa daga taransifoma na biyu. Ɗaya a mai da ita layin ƙasa. Ɗayar a liƙa mata kafasita na farko. Dayod na farko ya tashi daga layin ƙasa zuwa ɗaya ƙafar wannan kafasita, zobensa yana wajen kafasitan. Daga nan dayod na biyu ya tashi, zobensa a gaba, ya sauka a kan kafasita na biyu, wanda ɗaya ƙafarsa ke kan layin ƙasa. Mataki ɗaya ke nan. Na gaba a ɗora shi a kansa: kafasita na uku bisa na farko, na huɗu bisa na biyu, dayod suna ƙetarawa daga wannan jeri zuwa wancan kamar igiyar takalmi, duk zobbansu na kallon gaba. Dayod ɗaya ya juya, tsanin ya tsaya a nan, don haka a duba zobe ɗaya bayan ɗaya kafin a ci gaba.

Liƙin dalma a nan ba irin na gyaran rediyo ba ne. Wuta mai tsawo tana zurarewa ta duk inda ta sami tsini. A yanke ƙafafu gajeru, a bar kowane liƙi ya dunƙule sumul kamar ƙwayar dawa. A bar tazara mai kyau tsakanin matakai, musamman tsakanin kan tsanin da gindinsa. Bayan an gama a wanke allon da sifirit, a bar shi ya bushe sarai, domin maiƙon yatsa ma hanya ce ga irin wannan wuta.

Daga kan tsanin wutar ba ta tafiya ga ledar sai ta ratsa rasista, kuma wannan shi ne ɓangaren da ya fi damuna. A jera goma masu om miliyan 2.2, masu wat ɗaya, ɗaya bayan ɗaya. Rasista guda ba zai jure bolt dubu uku ba, tartsatsi zai tsallake shi. Jimilla om miliyan 22 ke nan, kuma ko da bakin ya taɓa ƙasa, abin da zai wuce bai kai kashi ɗaya cikin biyar na miliamfiya ba. Wannan jerin ne ke hana tartsatsi huda ledar, yana kuma taimakawa cajin ya zauna daram, sauti ya fito ba gurɓata. Kowace lasifika da nata jerin.

Mitar da ke hannun mai gyara ba ta wuce bolt 600 ko 1,000 ba, kada a kai ta kan tsanin. Akwai sandar awo ta musamman mai om biliyan ɗaya a cikinta, wadda ke rage wutar sau dubu kafin ta kai mita. Da ita ake aunawa, hannu ɗaya a aljihu, ƙafa cikin takalmin roba, ƙasa a bushe.

Wajen haɗawa, layin ƙasa na tsanin ya tafi tsakiyar naɗin taransifomar sauti, wato wadda ke ɗaga kiɗan da ya fito daga amfilifaya zuwa lasifikar, bakinta biyu su tafi faranti biyu, wayar da ta fito daga rasista ta tafi ledar. A fara ɗaukar wuta daga mataki na uku, wato 1,950. A saurara. In shiru ne, a kashe, a sauke caji, a hau na huɗu. Da an ji wani siririn "tsss" ko ƙas-ƙas, an wuce gona da iri, a koma baya taki ɗaya. Gwajin da aka yi a hunturu a maimaita shi da damina, domin laima tana sa wutar zurarewa. Ƙurar hunturu kuwa caji janta yake yi, sai a rufe lasifikar da ƙyalle in ba a amfani da ita, tsanin kuma a sa shi cikin akwatin roba mai murfi.

Kafasita suna riƙe wuta bayan an zare soket. Kafin a taɓa komai, a ɗaura rasista a bakin sandar roba, a haɗa ƙafafun kowane kafasita da shi, sannan a tabbatar da mita. Taransifomar sauti kuma ta fi tsanin haɗari nesa ba kusa ba, domin in kiɗa ya yi ƙarfi tana aika dubban bolt zuwa farantan, da ƙarfin amfilifaya a bayanta, kuma babu rasistan da ke tare ta. A yi wa farantan rufi gaba da baya kafin lasifikar ta shiga ɗakin da yara suke. Ɗan'uwa, in wannan ne aikinka na farko da wuta mai tsawo, don Allah ka nemi tsohon mai gyaran talabijin ya tsaya kusa da kai ranar kunnawa.