Fanken Talatar Furci: Abin da Wainar Turawa Take Tuna Mana Kafin Azumi

Ranar da take gaban Larabar Toka tana da sunaye da yawa a ƙasashen Kirista. Faransawa suna ce mata Mardi Gras, wato Talata mai maiƙo. A Ingila kuwa sunanta na coci shi ne Shrove Tuesday, daga wata tsohuwar kalma mai nufin sauraron furcin zunubi da ba da gafara, amma yawancin mutane a can sun fi saninta da ranar fanke. Tana zuwa kwana 47 kafin Ista, saboda haka takan faɗo tsakanin 3 ga Fabrairu da 9 ga Maris.

Kalmar fanke da muke amfani da ita aro ce daga Turanci, sai dai namu dunƙulalle ne, ana tsoma shi cikin mai. Na Turawa shimfiɗaɗɗe ne, ana toya shi a kasko da ɗan mai kaɗan. A darasin nan za mu duba yadda wannan abinci ya haɗu da shirin azumi, da kuma bambancin na Ingila da na Amurka.

ASALIN AL'ADAR

A zamanin da, dokar azumi a Ikilisiyar Yamma ta fi ta yau tsanani. An hana cin nama, an kuma hana ƙwai, madara, cuku da man shanu, tun daga farkon Lokacin Azumi har Ista. Waliyyi Toma na Akwino, wanda ya rasu a shekara ta 1274, ya yi bayani cewa an hana su ne domin daga jikin dabba suke fitowa. To, uwargida da take da ragowar ƙwai da madara da kitse a ranar Talata, me za ta yi da su? Ba za su jira mako shida ba tare da sun lalace ba, zubar da su kuwa almubazzaranci ne. Sai ta haɗa su da fulawa ta toya, iyali su ci. A wannan rana kuma akan kaɗa ƙararrawar coci don kiran mutane zuwa furci, har aka riƙa kiranta ƙararrawar fanke.

NA INGILA

Fanken Ingila bai sake kama sosai ba. Kayan haɗinsa huɗu ne: fulawa, ƙwai, madara da ɗan gishiri. Ma'aunin da aka saba shi ne fulawa giram 100, ƙwai 2, madara mililita 300. Ba a sa masa abin da zai sa ya tashi, don haka kwaɓin yakan yi ruwa-ruwa, ya bazu a kasko, ya fito fale-fale kamar wainar fulawa. Idan gefe ɗaya ya yi, mai suya yakan cilla shi sama ya cafe da kaskon. Sai a matsa lemon tsami, a barbaɗa sukari, a naɗe shi kamar tabarma.

A garin Olney na Ingila mata sukan yi tseren yadi 415 a wannan rana, kowacce da kasko da fanke a hannu, har zuwa ƙofar coci. Mutanen garin suna cewa al'adar ta faro a 1445, lokacin da wata mata ta ji ƙararrawa tana cikin suya, ta ruga coci da kaskonta. Tun 1950 matan garin Liberal a jihar Kansas ta Amurka suke gasa da su.

NA AMURKA

Na Amurka kuwa kauri gare shi da laushi, ya fi kusa da sinasir. Sirrinsa shi ne bekin foda, garin nan mai sa kwaɓi ya kumbura ba tare da an jira yis ba. Wani masanin haɗa magunguna, Alfred Bird, ya ƙirƙiro irinsa na farko a Birmingham a 1843, amma a Amurka ne ya shiga fanke ya zauna. Ana ƙara sukari da narkakken man shanu, sau da yawa kuma da nono mai tsami. Kwaɓin yana da kauri, ba a cilla shi, sai an ga ƙananan ramuka a samansa sannan a juya da cokali mai faɗi. Akan ɗora uku ko huɗu bisa juna, a zuba ruwan zaƙi na itacen mapul, wanda sai an dafa kimanin lita 40 na ruwan itacen kafin a sami lita 1.

Babban bambancin yana ga lokacin ci. A Ingila fanke yana da ranarsa a kalanda. A Amurka abincin karin kumallo ne na kowace rana, ko da yake wasu majami'u har yanzu suna shirya cin fanke tare a daren wannan Talata. Birnin New Orleans ya gaji bikin Mardi Gras daga Faransawa, 'yan asalin Jamus a Pennsylvania kuma suna soya wani cincin mai laushi da suke kira fasnacht. Duk tushensu ɗaya ne: a ƙarar da maiƙo kafin azumi.

DARASI GARE MU

Dokar ta sauƙaƙa. Bisa ga umarnin Paparoma Bulus na Shida a 1966 da Dokokin Ikilisiya na 1983, an yarda a ci ƙwai da madara a Lokacin Azumi. Azumi wajibi ne ranar Larabar Toka da Jumma'a Mai Tsarki ga wanda ya cika shekara 18 har ya shiga ta 60. Ƙin cin nama kuma yana kan duk wanda ya cika shekara 14, a Larabar Toka da Jumma'o'in Azumi.

Tun da dalilin ƙarar da ƙwai ya wuce, abinci ya rage, ma'ana kuwa tana neman ɓacewa. Mutane da yawa a Ingila suna cin fanke ba su san ranar furci ce ba. Wannan haɗari yana iya samun kowace al'ada tamu, a riƙe ɓawo a yar da ƙwaya. Kakannin nan sun share rumbu da rana, sun share zuciya kafin dare. Bisharar Larabar Toka, daga Matiyu sura 6, tana kiranmu ga sadaka, addu'a da azumi, a ɓoye ba don idon mutane ba.

Saboda haka, idan Talatar ta zo, ku ci abincinku da godiya, ku aika wa maƙwabci da marayu rabonsu. Ku nemi Fada ku yi furci. Wanda kuke gaba da shi, ku je ku shirya kafin a shafa muku toka a goshi. Kowane iyali kuma su zauna su yanke abin da za su bari cikin kwana arba'in, da wanda zai amfana da kuɗin da aka rage. Allah ya ba mu ikon shiga azumi da zuciya mai tsabta, ya kai mu Ista lafiya. Amin.