Gansakukar da ake ci da wadda ke kisa

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Tasawa da Mayahi, kowa ya san gansakuka, wannan koren abu da ke rufe ruwan tabki. Darasinmu na yau a kanta yake, domin akwai mai amfani, akwai mai guba.

Wadda ake ci

A ƙasar Cadi, cikin yankin Kanem, akwai tabkuna masu kanwa. Cikinsu wata irin gansakuka ke tsirowa, sunanta sifirulin. Matan Kanembu suna kwaso ta, su zuba a ramin rairayi, ruwa ya tsiyaye, rana ta busar da ita. Sai su yayyanka ta, su kai kasuwa. Suna kiran ta dihe, da ita suke miyar tuwon hatsi. A shekarar 1964 wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan ta a kasuwar birnin da ake kira Njamena yau. Bayan haka masana suka auna ta.

Amfaninta

Cikin giram 100 na busasshiyar sifirulin mai tsabta, wajen giram 60 furotin ne, wato abin gina jiki. Tana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Tana da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai kare ido daga dundumi. Amma kaɗan ake ci, don haka ƙari ce bisa abinci. Ba ta maye gurbin nonon uwa, ba ta warkar da tamowa ita kaɗai. Yaron da ya rame ko ya kumbura, a gaggauta kai shi likita.

Mai guba

Gansakukar tabkunanmu daban take. Wasu irinta suna da guba mai lalata hanta, har tana kashe dabbobi. Ido ba ya rarrabe su, tafasa ruwa kuma ba ya kashe gubar. Kada kowa ya ɗebo ta ya ci. Kada a shayar da bisashe inda ta yi kauri. A hana yara wanka a wurin.

Abin da ke hannunmu

Wanda bai samu sifirulin ba, kada ya damu. Wake, gujiya, zogale, kuka, ƙwai da nono suna gina jiki. A riƙa sa su cikin kunun yaro da zarar ya cika wata 6.

Tambayoyi

1. Ina ake samun dihe?
2. Don me ba a cin gansakukar tabkinmu?
3. Me za a ƙara cikin kunun yaro?