Yadda Ake Amfani da Hasken Rana Wajen Raya Batirin Motar da Ta Daɗe a Ajiye

A Daura da sauran ƙananan hukumomin masarautar, wato Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango, akwai injuna masu yawa waɗanda aikinsu na lokaci ne: taraktar da ke huɗa da faɗuwar damina sannan ta shafe rani a ƙarƙashin rumfa, da motar maniyyacin da ke yin wata guda ko fiye a kulle lokacin aikin hajji, da motar ma'aikacin da ke zaune a Abuja ko Kano wanda ba ya zuwa gida sai da salla. Abin da ya haɗa su shi ne ranar da aka murɗa makulli sai a ji ƙas-ƙas, injin ya ƙi juyawa, a koma neman masu turi ko aron batir. Maganin wannan matsala shi ne abin da za a iya kira cajin ɗigo, wato ɗura wa batir wuta 'yar kaɗan a kullum, gwargwadon abin da yake zubarwa, ta hanyar ƙaramin farantin sola.

Fahimtar aikin tana farawa daga batirin kansa. Batirin tayar da mota, wanda asalinsa ƙirƙirar Gaston Planté ce a Faransa a shekarar 1859, ɗakuna shida ne a jere, kowanne ɗauke da faifan darma a cikin ruwan asid, kuma kowane ɗaki yana ba da kimanin bolt 2.1, bolt kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin turin wuta. Saboda haka cikakken batirin da ya huta yana nuna bolt 12.6 a mitar auna wuta, idan ya sauka zuwa 12.2 ya zubar da kusan rabin cajinsa, idan kuma ya gangara ƙasa da 12.0 to saura kaɗan ya ƙare. Batir yana zubar da caji ko da ba a taɓa shi ba, kuma zubarwar tana ninkawa kusan duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10, abin da ya sa watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Daura kan haura digiri 40, suka fi kowane lokaci cin batir. Bayan wannan akwai abin da agogon mota da rediyo da kwamfutar injin ke tsotsa dare da rana. Illar ba ta tsaya ga ƙarewar caji ba, domin batirin da ya daɗe a sauke wani farin gishiri yana daskarewa a kan faifansa na darma, kuma da zarar ya taurare ba caji mai narkar da shi gaba ɗaya. Da yawa daga batiran da ake cewa sun mutu da wuri, yunwa ce ta kashe su alhali shekarunsu ba su kai ba.

Matakin farko shi ne auna batirin da mita bayan ya kwana ba a tayar da injin ba. Idan ya nuna ƙasa da bolt 12.4, sai a kai shi wurin mai cajin batir a cika shi tukuna, domin cajin ɗigo riƙe cikakken batir yake yi, ba shi da ƙarfin tayar da wanda ya faɗi. A nan ne ake goge farar tsatsar da ke taruwa a kawunan batir da ruwan ɗumi da buroshi, a ɗaure kawunan tam, kuma idan batirin mai murafe ne a duba ko ruwan ya rufe faifan, in ya yi ƙasa a ƙara tataccen ruwan batir kawai. Ruwan rijiya ko na famfo yana ɗauke da gishirin da ke lalata faifan, asid kuwa ba a ƙara shi, tunda ruwa ne kaɗai ke ƙafewa.

Daga nan sai zaɓen faranti, kuma lissafinsa mai sauƙi ne. Girman batir ana auna shi da amfiya-awa, wato yawan wutar da yake bayarwa, wanda ake aunawa da amfiya, a ninka da awannin da zai iya ɗauka yana bayarwa, batirin ƙaramar mota kuwa yakan kasance tsakanin 60 da 75. Motar da ke tsotsar miliamfiya 30, wato kashi 30 cikin dubu na amfiya ɗaya, tana cin amfiya-awa 0.72 a dare da yini ɗaya, idan aka haɗa da abin da zafi ke zubarwa abin ya doshi amfiya-awa ɗaya. Farantin wat 10 yana ba da ɗan abin da ya haura rabin amfiya a tsakar rana, kuma a cikin awa biyar na rana mai ƙarfi zai tara kusan amfiya-awa uku, don haka ko ƙura ta cinye rabi, abin da ya rage ya wadatar. Taraktar da batirinta ya kai amfiya-awa 100 za ta fi dacewa da wat 20. Babbar motar da ke aiki da batir biyu a jere, wato bolt 24, tana buƙatar faranti biyu da aka haɗa a jere su ma, da na'urar da ta dace da wannan ƙarfi.

Na'urar da ake nufi ita ce kwanturola, ɗan akwatin da ke zama tsakanin faranti da batir yana iyakance turin wutar. Farantin da aka rubuta wa bolt 12 a zahiri yana aiki ne a kusan bolt 18, kuma idan ba a jona shi da komai ba yakan kai 21 ko 22. A ƙasashe masu sanyi wasu kan jona ƙaramin faranti kai tsaye, su dogara da cewa wutarsa ba ta kai ta yi ɓarna ba, amma wannan dabara ba ta dace da Daura ba, inda rana ke fitowa kusan kullum kuma batir mai zafi ya fi saurin tafasa. Idan turin ya daɗe sama da bolt 14.4, ruwan batir yana rabewa ya zama iska ya fice, faifan ya bushe, wani lokaci har jikin batirin ya kumbura. Kwanturola tana barin batir ya cika, sannan ta sauke turin zuwa tsakanin bolt 13.2 da 13.8 ta riƙe shi a nan, kuma a lokacin bazara gefen ƙasa na wannan ma'auni ya fi aminci. Da dare kuma tana hana wuta komawa daga batir zuwa faranti. Ƙaramar kwanturola mai arha ta nau'in PWM ta ishi wannan aiki, babu buƙatar kashe kuɗi a kan nau'in MPPT da ake sa wa manyan solar gida.

Haɗawar tana da tsari wanda bai kamata a saɓa ba. Ana fara sa fis mai amfiya 3 zuwa 5 a jikin jar waya, kusa da kan batir mai alamar tarawa iya kusanci, domin batirin mota yana iya fitar da ɗaruruwan amfiya a take, kuma wayar da ta goge ta taɓa ƙarfen mota za ta yi ja ta kama wuta idan babu abin da zai yanke ta. Sai a jona batir da kwanturola, ja ga alamar tarawa, baƙa ga alamar ɗebewa, a jira fitilarta ta kama, a zaɓi nau'in batirin idan tana da wurin zaɓi. Bayan haka ne kawai ake jona faranti, kuma yana da kyau a rufe fuskarsa da kwali har a gama ɗaure wayoyin. Dalilin wannan jeri shi ne kwanturola daga batir take gane ko tsarin na bolt 12 ne ko na 24. Wurin kwancewa kuwa faranti ake fara cirewa. A motocin zamani da ke da ɗan ma'auni a manne a kan batir mai alamar ɗebewa, an fi son a ɗaure baƙar wayar a jikin ƙarfen mota. Ba a shan taba ko kunna ashana a wurin, saboda iskar da batir ke fitarwa mai kamawa ce. Ramin kunna sigari na cikin mota, wanda wasu farantai ke zuwa da filoginsa, a motoci da dama mutuwa yake yi da zarar an zare makulli, don haka sai an gwada shi da mita kafin a dogara da shi.

Daura tana wajen digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka farantin yana fuskantar kudu ne da ɗan karkata kamar digiri 13 zuwa 15, a kan rufin rumfa ko katanga inda inuwar darbejiya ba ta faɗa masa, motar kuma ta zauna a inuwa. Ajiye farantin a bayan gilashin gaban mota yana rage wutar kuma yana tilasta barin motar a rana, wanda shi kansa cutar da batir ne.

A Turai da Amurka an san wannan aiki a motocin da aka mayar ɗakin kwana don tafiye-tafiye, waɗanda ke da batir biyu, ɗaya na tayar da injin, ɗaya na fitilu da firji. Solar da ke kan rufinsu batirin ɗaki take ciyarwa, shi ya sa ake samun fitila na ci amma injin ya ƙi tashi. Ana gyara hakan da kwanturola mai baki biyu, ko da wata 'yar na'ura da ke ɗibar amfiya ɗaya ko biyu daga batirin ɗaki zuwa na injin ba tare da barin wuta ta koma baya ba. Motar asibiti ko ta wa'azi da aka ƙara wa batir na biyu tana bin wannan ƙa'ida, kuma kuskure ne babba a haɗa batiran biyu da waya tsirara, domin kayan ɗakin za su zuƙe su tare.

Abin da ya rage shi ne kulawa. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura kan lulluɓe faranti cikin kwanaki kaɗan har yatsa ya iya rubutu a kansa, don haka ana goge shi da jiƙaƙƙen tsumma da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, aƙalla sau biyu a mako. Ana duba ruwan batir sau ɗaya a wata, a kuma bi wayar da ido ko ɓera ya ci ta. Gwajin da ke tabbatar da aikin shi ne na mita: da hantsi batirin ya nuna sama da bolt 13, da asuba kuma kafin rana ta fito kada ya gaza 12.6. Idan faranti da wayoyi lafiya suke amma awon asuba ya ci gaba da sauka mako bayan mako, to ko dai wani abu a motar yana satar wuta fiye da ƙima, wanda aikin mai wayarin ne ya gano shi, ko kuma batirin ya ƙare sai an sauya shi.