Darasi: Jaruman Silima da Jaruman Tatsuniya

Wanda ya sauka a tashar Kawo ya shiga cikin Kaduna, zai ga yara da riguna masu zane iri iri. Wata rigar da babban harafin S a ƙirji. Wata da hoton jemage, wata da saƙar gizo. A Kasuwar Barci ta Tudun Wada ana sayar da irinsu cikin gwanjo. Waɗannan alamun jaruman silima ne na Amurka. Da dare yaran suna kallonsu a talabijin ko a waya, har a ƙauyukanmu.

Wani dattijo ya ce, wannan kallo ya kashe tatsuniya. To, bari mu duba mu gani.

Mai harafin S sunansa Superman, watau mutum mai ƙarfin da ya wuce na mutane. Samari biyu ne suka ƙaga shi, Jerry Siegel da Joe Shuster. Ya fara fitowa cikin littafin zane a 1938. A 1978 aka yi babban fim nasa. Labarinsa shi ne, baƙo ne daga wata duniya. Tun yana jariri aka aiko shi, wani manomi da matarsa suka tsince shi suka rene shi. Da ya girma ya tafi birni yana ceton mutane. Amma yana ɓoye kansa. Da rana ma'aikacin jarida ne mai tabarau, ba wanda ya san shi ne.

Yanzu ku tuna da Bayajida. Shi ma baƙo ne, an ce daga Bagadaza ya taso. Ya iso Daura da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa, Ayana. Ya nemi ruwa, ta ce babu, don macijin rijiyar Kusugu ba ya barin a ɗiba sai ran Juma'a. Ya karɓi guga ya tafi shi kaɗai. Macijin ya taso, ya sare masa kai, ya ɓoye kan, ya koma ya kwanta. Da gari ya waye mutane suka taru bakin rijiya. Wannan ya ce shi ya kashe, wancan ya ce shi ne. Aka ce a kawo kan, kowa ya yi shiru. Sai daga baya tsohuwa ta tuna da baƙonta. Kun gani? Baƙo, da dodon da ya hana gari sakewa, da aikin da aka yi a ɓoye. Abin da yaranku ke kallo ke nan, an sāke masa riga.

Akwai kuma maganar makari. Ɗan tauri wuƙa ba ta kama shi, amma kowa ya san kowane magani da makarinsa. Harsashi ba ya huda Superman. Amma akwai wani koren dutse na duniyarsu, in an kawo shi kusa, sai ƙarfinsa ya tafi. Maroƙan ƙasar Mali sun riga masu silima sanin wannan. Suna ba da labarin Sunjata, wanda ya kafa daular Mali wajen 1235. Abokin gabansa Sumanguru ƙarfe ba ya cinsa. Sai 'yar'uwar Sunjata ta yi dabara ta jiyo asirinsa, watau ƙayar da ke bayan ƙafar farin zakara. Aka ɗaura ta a kan kibiya, aka harbe shi, ƙarfinsa ya karye. Dalilin makari a fili yake. In babu abin da zai iya ka da jarumi, mai sauraro ba zai ji tsoro ba, sai ya yi barci.

Sunjata kansa ya daɗe yana rarrafe, bai yi tafiya da wuri ba, kishiyar uwarsa tana yi musu dariya. Haka Iliya Ɗan Maiƙarfi, na littafin Malam Ahmadu Ingawa, ya daɗe a zaune ba ya tafiya kafin ya sami ƙarfi. Asalin labarin Iliya daga ƙasar Rasha yake. Ashe mu ma muna aro, ba Amurkawa kaɗai ba. Su kuma nasu jaruman yawanci marayu ne. Batman mai alamar jemage, na 1939, a gabansa aka kashe iyayensa. Spider-Man mai saƙar gizo, na 1962, matar kawunsa ta riƙe shi, yara suna raina shi a makaranta. Amma kada suna ya ruɗe ku. Gizonmu na tatsuniya mai wayo ne, cikinsa kaɗai ya sani, ba ya ceton kowa.

Fim ɗin Black Panther na 2018 kuwa rikicin gadon sarauta ne tsakanin 'ya'yan wa da ƙane. Wannan ba sai an yi wa Bahaushe bayani ba.

Inda dattijon nan yake da gaskiya shi ne, labarin Superman an rubuta shi, an buga, an ajiye. Tatsuniyar kakarku kuwa a bakinta kaɗai take. Ran da ta rasu, in ba a rubuta ba, ta tafi da ita. Ku kuma yanzu kun iya riƙe fensir.

Tambayoyi

1. Su wa suka ƙaga Superman, a wace shekara ya fara fitowa?
2. Wace rana ce macijin Kusugu yake barin a ɗebi ruwa?
3. Mene ne makarin Sumanguru?

Aikin gida

Kowa ya sami tsoho ko tsohuwa a gidansu ta yi masa tatsuniyar Dodo. Ya rubuta ta cikin layi goma, ya sa sunan garin da ya ji ta, ya kawo wa malam ran Litinin.